Ranar Haihuwar Aro

Tun daga bakin ƙofa na san yaran nan sun ƙulla wani abu. 'Yan aji ɗaya nake koyarwa, su arba'in da uku, kuma a wata bakwai da na yi ina aikin sa kai a wannan ƙauye na ƙasar Gambiya, ban taɓa jin sun yi shiru ba sai ran nan. Na ce a raina ruwa ba ya tsami banza.

Ina tura ƙofa suka ɓarke da waƙa, kowa da inda muryarsa ta nufa. A kan teburina an ajiye dogon burodi an soka masa kyandir a tsakiya, ga bokitin zoɓo a gefe. Madam Sise, shugabar makarantar, tana tsaye tana tafi, ita da Nasiha, 'yar Kazaure da aka turo mu tare muke ɗaki ɗaya.

"A takardunki na gani," in ji Madam Sise da Turanci tana dariya. "Sha huɗu ga Maris. Kin yi nisa da gida, yau mu ne danginki."

Wata 'yar mitsitsiya mai suna Isatu ta ja mini gefen mayafi. "Malama, ki hura!"

Na sunkuya na hure kyandir ɗin, sai ga hawaye. Yaran suka hau tsalle, a zatonsu daɗi ne ya kashe ni. Na yanyanka burodin kowa ya sami loma, na sha zoɓon, na yi godiya. Allah ya sani ina son yaran nan har cikin raina. Amma ji nake kamar na ɗauko kayan mamaci na sa na fito biki.

Don sha huɗu ga Maris ba ranata ba ce. Ranar Zulfa ce.

Zulfa yayata ce, shekara uku ta ba ni. Da aka haife ta, Babanmu Ishiyaku ya rubuta ranar a cikin murfin adakarsa, da yake ita ce ta fari. Ni kuwa ko ɗigo bai yi mini ba. Shekarar da aka yanke mu daga Kano aka ce mun zama Jigawa, aka nemi takardar shekaruna don in shiga kwalejin horon malamai. Lokacin Baba ya riga mu gidan gaskiya. Sai Bappa, ƙanensa, ya buɗe adakar, ya kwafi rana da wata, ya ƙara uku a kan shekarar, ya tafi kotu ya yi rantsuwa. Da na yi ƙorafi cewa ya yi, "Ke dai ba an haife ki ba? Rana ai duk ta Allah ce."

Inna ma ba ta fi shi ba. "Yo ina na san inda kaina yake a lokacin? Ina asibiti a kwance. Kakarki ce ta riƙe ki a Basirka, da nonon akuya ta rene ki, shi ya sa ba kya jin bari."

A da dariya muke yi. Zulfa takan ce, "Aro na ba ki fa, Rahamatu, ki riƙe a hankali." Sai sanƙarau ya zo da zafin nan na bazara, ya ɗauke ta cikin kwana biyu, saura sati uku a ɗaura aurenta da Taufiq.

Taufiq malamin gona ne a Gwaram. Bayan rasuwar bai ɗauke ƙafa ba. Duk Juma'a yakan hawo babur ya zo Birnin Kudu gaishe da Inna, yau mangwaro, gobe rake. Ni ke kai masa ruwa zaure. Ba zan iya faɗin ranar da gaisuwa ta zama hira ba, na dai san shekara biyu ba ta cika ba sai da na wayi gari ina jin ƙarar baburinsa tun daga kwanar tasha, cikin duk baburan garin.

Ranar da Bappa ya kawo wa Inna maganar, ina bayan ɗaki ina ji.

"Ba da ni ba," in ji Inna. Ita ba ta faɗin sunan Zulfa, ko da tana raye. "Kayan ɗakin waccan suna nan a ɗaure, ko ƙura ban iya kaɗe musu ba. Yanzu ka ce in kwance in kai wa ƙanwarta gidan mutum ɗaya? Duk na ga yaron nan makara nake gani."

"Ai ba yau aka fara ba, ana mayar da ƙanwa gurbin ya."

"A yi a wani gidan. Ga Abdulsamad nan shekara guda yana sintiri, mai motocinsa, uwarsa a Kano mutuniyar arziki. Me ya rasa?"

Gaskiya Abdulsamad bai rasa komai ba. Bas uku gare shi a hanyar Kano, ga haƙuri, ga turare da za ka ji tun bai shigo layi ba. Abin da ya rasa ɗaya ne, ba shi ne Taufiq ba.

Amma kada in ɗora wa Inna duka. Ni ma da tawa. Kama muke da Zulfa sosai, har tafiya, kuma wani lokacin in Taufiq ya zuba mini ido sai in ji kamar wata yake hangowa ta bayan kafaɗata. Wata Juma'a na kasa daurewa.

"Malam, yaushe aka haife ni?"

Ko tunani bai yi ba. "Sha huɗu ga Maris."

"Wannan ta Zulfa ce."

"Haba Rahamatu, to ke ma ai ita ce a takardarki."

"Ita ce a takardata. Fuskarta ce a fuskata, ranarta ce ranata, yanzu kuma mijinta. Ni mene ne nawa? Ka faɗa mini abu ɗaya da ka sani wanda nawa ne ni kaɗai."

Idonsa ya kaɗa. Ni kuwa bakina ya riga ya buɗe. "Ranar da ka san ranata, ka zo mu yi magana."

Sati biyu bayan nan sunana ya fito cikin malaman da za a tura waje. Inna ta ce in tafi ko na huce, in na dawo a yi da Abdulsamad. Na tafi ko sallama ban yi da Taufiq ba. Amma Zulfa ta biyo ni. Sau da yawa ina rubutu a allo sai in ji kamar tana zaune a bencin baya, ta yi tagumi tana kallona, in na waiga yara ne kawai.

Bayan an tashi daga makaranta, muna isa ɗaki Nasiha ta zaro wani ƙunshi daga ƙarƙashin matashi.

"Malam Barau ya zo da safe kina aji," ta ce. Shi ne jami'in da ke zagayen duba mu daga gida. "Ya ce saƙonki ne, jibi zai biyo ya karɓi amsa. Ni na ɓoye don ya zama tukuicin yau. Ga rakodar Madam Sise ma na aro, ki gode mini."

Daddawa ce a ciki, da kuka, da yajin da na san hannun Inna ne ya daka, sai kaset guda. Na sa, na danna.

Ƙara ta fara tashi, sai kukan kaji, can nesa ana jin kwandasta yana kiran Kano, Kano. Kafin kowa ya yi magana har na ga tsakar gidanmu.

"Ya kama? In yi?" Muryar Inna.

"Tun ɗazu yake ɗauka," in ji Bappa.

"To. Ke Rahamatu, kina lafiya? Ya baƙunta? An ce can shinkafa suke ci safe da yamma, ga kuka nan ki riƙa kaɗawa." Ta ja hanci. "Wata magana ce. Wata bakwai kenan ba kya nan, yaron nan bai fasa Juma'a ɗaya ba. Da damina katangarmu ta faɗi, shi ya zo da mutanensa suka tayar. Ba ya ce mini komai, sai ya gaishe ni ya zauna ya tafi. Rannan na dube shi, sai na ga ashe ba makara nake gani ba, maraici ne irin nawa. Na yi wa waccan kuka har ina neman rasa wadda ta rage."

Na ji Bappa yana cewa, "Faɗa mata mana."

"Ka bar ni in faɗa da bakina. Na mayar wa Abdulsamad kayansa, na ba shi haƙuri, ya kuma haƙura, Allah ya ba shi wadda ta fi ki jin magana. Na yarda, Rahamatu. Na kwance kayan ɗakin nan na shanya. Ki aiko da amsa a sa rana, kina dawowa a yi."

Nasiha ta rangaɗa guɗa har sai da awakin maƙwabta suka watse. Ni kuwa na kifa kai a gwiwa ina kuka ina dariya, ina faɗin alhamdu lillahi ba ƙaƙƙautawa.

"Juya, juya!" in ji Nasiha. "An rubuta wani abu a ɗaya gefen. Rubutun namiji ne, wallahi."

Na juya. Muryarsa ta fito, fes, da fara'ar da rabon da in ji ta tun Zulfa na da rai.

"Assalamu alaikum, Rahamatu. Bappa ya ba ni kaset in kai Kano, na ce ba zai tafi da gefe ɗaya a wofi ba. Kin ba ni aiki, wata bakwai ina yi. Na je asibiti, takardun shekarun nan ba a same su ba. Na je Unguwar Ya wurin gwaggonki, ta tura ni Wurno wurin wata ƙawar Inna, ita kuma ta ce in nemi Batulu ungozoma a Basirka. To ga ni gaban Iya Batulu. Iya, ga ta nan tana jin ki."

Wata tsohuwar murya ta matso, tana rawa. "A cikin akwatin nan take? Ikon Allah. To 'yar Ishiyaku, ni na yanke miki cibi. Uwarki ta zo ta'aziyyar kawunta naƙuda ta kama ta a nan. Ranar cika-ciki ce, da hantsi. Ba zan manta ba, don kazata na kan wuta aka kira ni, na dawo ta ƙone."

"Kin ji, Rahamatu?" Yana dariya. "Ranar cika-ciki. Taki ce ke kaɗai, kuma duk garin ake yi miki girki."

Na dafe ƙirji. Shekara ashirin da uku, yau na sami rana. Nasiha ta rungume ni.

Tsohuwar ba ta gama ba. "Uwar kuwa jini ya ɓalle mata, a bayan akori-kura aka tafi da ita Birnin Kudu, ba wanda ya zaci za ta tashi. Aka bar mana jaririya tana tsala kuka."

"Shi ne aka ba ta nonon akuya," in ji Taufiq.

"Wace akuya? Kwana ɗaya aka gwada, cikinta ya ƙi. Maƙwabciyarmu ce ta ɗauke ta, tana goyon ɗanta namiji lokacin. Kwana arba'in tana ba ta, safe da rana da dare. Mijinta mafaɗaci ne, bai ba ta izini ba, shi ya sa muka ƙulla ni da ita da kakar yarinyar aka ce akuya. Su biyun duk sun tafi, saura ni. Allah ya ji ƙan Bara'atu, mace mai tausayi."



"Wace Bara'atun, Iya?" Muryarsa ta sauya.

"Matar Maikano mai awon hatsi. Daga baya suka tashi suka koma Gwaram. Salihu take goyo, ga wani babba yana bin ta a gindi, mai kunnuwa, na manta sunansa. Kai yaro, lafiya? Me ya same ka?"

Sai ƙas, aka kashe.

Nasiha ta dube ni. "Su waye kuma waɗannan?"

Na nuna rakodar. "Maikano baban Taufiq ne. Salihu ƙanensa."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un."

Kaset ɗin ya ci gaba da juyawa. Can muryar ta dawo, a dushe, kamar ta wanda ya tashi daga jinya.

"Rahamatu, kwana uku kenan. Sau biyu na ɗora yatsa zan goge, na kasa. Ban faɗa wa kowa ba, ko Salihu. Na je wurin wani malami a Gwaram na tambaya kamar zancen wani ne. Ya ce shaidar mace ɗaya ba ta raba aure, amma wanda ya ji ya nisanta ya fi masa. Ya ce in aka sami ta biyu, magana ta ƙare. Ni ban nemi ta biyu ba. Tsoro nake ji."

Ina jin yana haɗiye kuka.

"Kin ce wata nake gani in na dube ki. Zulfa na so ta, Allah ya ji ƙanta, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma ba ita na bi Wurno da Basirka ina nema ba. Ke ce mai musu, ke ce mai ɓata rai in an katse ki, ke nake so. Ban san ko yanzu halal ne in faɗi haka ba. Iya Batulu ta tsufa, ba ta gane ni ba, ba ta fita ko'ina. In kin ce mu yi shiru, zan yi shiru. In kin ce a'a, to. Ni na kasa yankewa. Ki yafe mini da na ɗora miki."

Kaset ya kai ƙarshe, rakoda ta kashe kanta.

Ban san tsawon lokacin da na yi a zaune ba. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Da na riƙe bakina a zauren nan, da yanzu ina zaɓen atamfa. Ni na tura shi, ya tafi don ya nuna mini so, ya tono abin da mata uku suka binne shekara ashirin da uku. Zulfa halal ce gare shi, ita da ke cikin ƙasa. Ni da ke raye ce ake shakka.

Nasiha ta durƙusa gabana ta riƙe hannuwana. Ita ma fuskarta duk hawaye.

"Rahama, ki saurare ni. Tsohuwa ce fa. Ta ce ta manta sunansa, me ya hana ta rikita sauran? Jarirai nawa ta karɓa a Basirka?"

"Ba ta manta kazarta ba."

"Malam ya ce shaidar mutum ɗaya ba ta isa ba. Shari'a ce ta faɗa, ba son zuciya ba. Kawo kaset ɗin nan mu ɗora waƙar yara a kan gefen nan, shi kenan. Ki aika wa Inna ki ce kin amince. Matar nan ta kwance kayan 'yarta ta shanya saboda ke. Kina so ki sa ta sake ɗaurewa?"

"Nasiha, ki bari."

"Ba zan bari ba! Wata bakwai ina jin ki kina kiran sunansa cikin barci. Kin rasa Abdulsamad, yanzu ki saki wannan, ki koma gida ki ce me?"

"In na yi shiru fa? A ɗaura, a kai ni Gwaram, Salihu ya shigo gaishe ni, in dube shi in ce nono ɗaya muka sha ko ba ɗaya ba? In haihu, in sa yaro a ƙirji, me zan tuna? Shekara uku ina kwana da Zulfa a kaina, Nasiha. Ba zan iya ƙara Bara'atu ba."

"To in aka bincika aka sami ta biyu?"

Kukan da nake dannewa ya ƙwace, na yi shi sosai, irin wanda ban yi ba tun ranar da aka fita da Zulfa. Ina son mutumin nan. Ban taɓa sanin iyakar son ba sai yau da ya tabbatar mini ni yake nufi, kuma yau ɗin ne aka ce wataƙila yayana ne.

Aka kira la'asar a masallacin ƙauyen. Na tashi na yi alwala, na yi salla, na daɗe a sujada ban roƙi komai ba don ban san abin da zan roƙa ba. Da na sallame na buɗe jakata na ɗauko sabon kaset, cikin waɗanda na saya don ɗaukar karatun yara. Na sa shi a baibai, na cire na gyara.

"Wa za ki fara yi wa?" in ji Nasiha a hankali.

Na danna maɓallan biyu. Na gyara murya.

"Assalamu alaikum, Inna. Ina wuni. Na ga kuka da daddawa, Allah ya saka. Na ji maganarki, Inna, na gode, Allah ya bar mana ke." Na matsa kusa da rakodar. "Amma kada a sa rana tukuna. Ki sa Bappa ya kai ki Basirka wurin Batulu ungozoma. Ki tambaye ta wanda ya ba ni nono, ki kuma tambaye ta ko akwai wata mai rai da ta gani."

Nasiha ta kai hannu za ta kashe. Na riƙe hannun nata gam, kaset ya ci gaba da ɗauka.